Binciken Lafiya Ba Ya Yiwuwa Sai Da Harshe

A ganina, darasin dabarun bincike da ake koya wa ɗaliban fannin lafiya a jami'o'inmu yana da giɓi guda, wato harshe. Ana koya musu tsara takardar tambayoyi da zaɓen waɗanda za a tambaya da lissafin sakamako, duk da Turanci. Amma in sun shiga gari, uwar da za su tambaya Hausa ko Yarbanci ko Ibo take ji.

Mu ɗauki kalmar "shawara". Bahaushe kan faɗe ta yana nufin ciwon hanta, ko zazzaɓin shawara, ko idon jariri da ya yi rawaya. Ɗalibin da bai tantance ba sai ya haɗe cuta uku wuri ɗaya, lissafinsa ya tashi a banza.

Haka ma neman yardar mutum kafin a sa shi cikin bincike. Bayan gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996, iyaye sun kai ƙara cewa ba a fahimtar da su ba.

Saboda haka, ya kamata a riƙa gayyato malaman harsuna cikin wannan darasi. Mu kuma ɗaliban Hausa mu ɗaura ɗamara, aikin fassara na jiranmu. Allah ya sa mu dace.