Zaɓen Waƙa a Estoniya: Wane Tsuntsu Ne Zai Yi Kukan Gidansu?

A wannan mako za mu ɗan huta da zancen siyasa, mu leƙa arewacin Turai, inda mutanen ƙasar Estoniya za su yi zaɓe ranar Asabar mai zuwa, 15 ga Fabrairun 2025, amma zaɓen waƙa. Waƙoƙi 16 ne za su kara a wani babban zaure da ke Tallin, babban birnin ƙasar, a gasar da suke kira Eesti Laul, wato Waƙar Estoniya. Wadda ta yi nasara ita ce za ta wakilci ƙasar a gasar Eurovision ta ƙasashen Turai, da za a yi a birnin Basel na Suwizalan cikin watan Mayu. Tun watan Disamba aka saki waƙoƙin, na kuma zauna na saurare su. Amma kafin mu auna su, ya kamata mu san dalilin da ya sa mutanen nan ba sa ɗaukar waƙa da wasa.

Estoniya ƙaramar ƙasa ce a bakin tekun Baltik, tana iyaka da Rasha ta gabas da Latbiya ta kudu. Jama'arta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, wato birnin Kano kaɗai ya fi ta mutane nesa ba kusa ba. Harshensu ɗan'uwan na Finlan ne, bai haɗa dangi da Rashanci ko Jamusanci ko Ingilishi ba, masu magana da shi kuwa a duniya duka kaɗan suka haura miliyan ɗaya. Sun daɗe a ƙarƙashin mulkin baƙi, daga Jamusawa zuwa mutanen Suwidin zuwa Rashawa. Sun ayyana 'yancin kai a 1918, Tarayyar Sobiyet ta haɗiye su a 1940, ba su sake samun kansu ba sai a watan Agustan 1991. A ƙidayar 1934, 'yan asalin ƙasar su ne kashi 88 cikin ɗari na mazaunanta; zuwa 1989 sun koma kashi 61 da ɗoriya, saboda yaƙi da kwasar mutane zuwa Saiberiya da kwararowar ma'aikata daga sauran sassan Sobiyet. Al'ummar da ta ga harshenta yana neman zama baƙo a gidansa, ba sai an koya mata tsoron rasa shi ba.

Waƙa ce ta zame musu rumbun ajiya. Tun 1869 suka fara babban bikin waƙoƙi a birnin Tartu, wanda yanzu ake yi a Tallin kusan duk bayan shekara biyar, inda mawaƙa har wajen dubu 30 suke tsayawa su rera da murya ɗaya. A watan Satumban 1988, mutane kusan dubu 300 suka taru a filin bikin suna rera waƙoƙin kishin ƙasa suna neman 'yanci. Ranar 23 ga Agustan 1989 kuma, mutane kimanin miliyan biyu suka riƙe hannun juna daga Tallin, ta Riga, har Bilniyus ta Lituwaniya, tafiyar fiye da kilomita 600. Shi ya sa tarihi ya sa wa gwagwarmayar tasu suna juyin juya halin waƙa.

Ita ma gasar Eurovision tana da nata gurbin a wannan tarihi. A zamanin Sobiyet, mazauna arewacin Estoniya sukan kama tashar talabijin ta Finlan su kalli gasar, kamar mai leƙen biki ta kan katanga. Da suka samu 'yanci sai suka shiga fagen a 1994, suka kuma lashe gasar a 2001 a Kofanhagan, ta bakin Tanel Padar da Dave Benton da ƙungiyar 2XL. Ita ce ƙasa ta farko daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet da ta ɗauki kambin, Benton kuwa, haifaffen tsibirin Aruba, shi ne baƙar fata na farko da ya ci gasar. Bayan nan sai ƙafa ta zame. Daga 2004 zuwa 2008, shekara biyar a jere, Estoniya ba ta kai zagayen ƙarshe ba. A 2008 ma 'yan barkwanci uku ta tura, masu suna Kreisiraadio, da wata waƙar raha cikin harsunan aro, suka zo na kusa da ƙarshe a rukuninsu. Wannan kunya ce ta sa hukumar rediyo da talabijin ta ƙasar, ERR, ta rushe tsohon tsarin zaɓen ta kafa Eesti Laul a 2009, a ƙarƙashin jagorancin Heidy Purga, wadda daga baya ta zama ministar al'adu. Manufar ita ce a daina ƙera waƙa don neman yardar baƙi, a zaɓi wadda mutanen gida za su so ko da babu wata gasa. Mai karatu ya riƙe wannan labari na 2008, domin za mu sake cin karo da shi.

A gasar 2025 babu zagayen share fage, dare ɗaya za a yi a gama. Alƙalai ne suka tace waƙoƙi 15, jama'a suka cike ta 16 da ƙuri'arsu. A daren gasar, makin alƙalai da ƙuri'ar masu kallo ta waya, rabi da rabi, za su fitar da uku na sama. Daga nan alƙalai su janye hannu, jama'a kaɗai su yanke hukunci. Wani abin lura shi ne, a shekarun nan kuɗin shigar da waƙar harshen gida ya fi na waƙar harshen waje sauƙi. Duk da wannan rangwame, waƙoƙin da aka rera da harshen Estoniya ba su kai rabin 16 ɗin ba.

Wanda sunansa ya cika gari shi ne Tommy Cash, da waƙarsa Espresso Macchiato. Haifaffen Tallin ne a 1991, ya tashi a unguwar Kopli ta ma'aikata, ya kuma yi suna a wajen ƙasarsa da waƙoƙin gambarar zamani da bidiyoyi masu ɗaure kai tun kafin ya waiwayi wannan gasa. Waƙar tasa kan kofin gahawa aka gina ta, cikin gurɓataccen Italiyanci gauraye da Ingilishi, yana kwaikwayon Ba'italiye mai son taliya da fankama. Gaskiya ita ce amshinta yana da naci; ka ji shi sau ɗaya da safe, da la'asar ka tsinci bakinka yana maimaitawa. Kada kuma a yi mamaki idan wasu Italiyawa suka ji haushi, domin wasan da ake yi da kamannin mutum ba kullum yake yi wa mai kamannin daɗi ba, musamman idan babu tsohuwar taubasantaka a tsakani.

A ɗaya ɓangaren akwai An-Marlen, matashiya mai waƙar Külm, ma'ana sanyi. Kiɗan na'ura ne mai sauri irin na gidajen rawar yau, amma kalmomin duka na gida ne, muryar kuma tana tafiya a natse a kan kiɗan da ke gudu. Abin da ya burge ni shi ne, ba ta sa wa harshen kayan gargajiya don a tausaya masa ba. Ta nuna cewa harshen da kakanni suka yi waƙar noma da shi yana iya ɗaukar sautin wannan zamani ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Kusa da ita akwai Andrei Zevakin, wanda ba baƙo ba ne a gasar, tare da Karita, da waƙar Ma ei tea sind, wato ban san ka ba. Ita ma ta rawa ce da harshen gida, mai sauƙin shiga kunne, irin wadda gidajen rediyo ke so. Sai Räpina Jack da Kaisa Ling da waƙarsu Tule, wato zo, da kuma Marta Lotta, wadda jama'a suka shigar da ƙuri'arsu, da Tantsin veel, ma'ana har yanzu ina rawa.

Cikin masu rerawa da Ingilishi, wadda labarinta ya fi jan hankali ita ce Anna Sahlene, 'yar ƙasar Suwidin. Ita ce ta wakilci Estoniya a 2002 lokacin da Tallin ta karɓi baƙuncin Eurovision, ta zo ta uku, a cikin wannan zaure da za ta sake hawa dandalinsa bayan shekara 23. Sauran, irin su Elysa da Janek da Ant, muryoyi ne masu kyau da waƙoƙi masu tsabta, ba abin kushewa. Matsalarsu guda ce: da za a ce maka daga Holan ko Ostareliya suka fito, ba za ka yi musu ba. Waƙar da za ta iya zama ta kowa, da wuya a tuna da ita a daren da ƙasashe fiye da 20 za su hau dandali ɗaya bayan ɗaya, kowace da minti uku kacal.

Hujjar da aka saba kawowa ita ce, tun da aka sakar wa ƙasashe mara a 1999 su rera da harshen da suka ga dama, wanda ya nace wa ƙaramin harshe ya yi wa kansa. Tarihin Eesti Laul bai goyi bayan wannan magana ba. Daga 2009 zuwa 2024, matsayi mafi girma da Estoniya ta samu shi ne na shida, sau biyu, kuma duka da harshen gida: ƙungiyar Urban Symphony a Mosko a 2009 da waƙar Rändajad, wadda take ba da labarin matafiya a cikin hamada, sai Ott Lepland a Baku a 2012 da Kuula, wato saurara. Sau huɗu ta tura waƙar harshen gida a wannan tsakani, a 2009 da 2012 da 2013 da 2024, duka huɗun sun kai zagayen ƙarshe. Sau biyar ta faɗi a hanya, a 2010 da 2014 da 2016 da 2017 da 2021, duka biyar ɗin kuwa da Ingilishi aka rera su. Zanen aro ba ya rufe katara.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Da Ingilishi aka ci kambin 2001. Elina Nechayeva ta zo ta takwas a 2018 da waƙar Italiyanci, Alika ma ta zo ta takwas a 2023 da Ingilishi. A 2024, 5MIINUST da Puuluup sun tafi Malmo da harshen gida da talharpa, wani tsohon abin kiɗa da ake gogawa kamar goge, suka ƙare a na 20. Ke nan harshe shi kaɗai ba ya cin gasa, ba ya kuma kayar da mai shi. Abin da lissafin ya nuna kawai shi ne, tsoron da ke sa mawaƙi ya gudu daga harshensa ba shi da tushe.

To, ina matsayin Tommy Cash a nan? Masu sukarsa suna cewa 2008 ce take neman dawowa: raha cikin harshen aro, irin wadda aka kafa gasar nan don a rabu da ita. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba duka ba. Su Kreisiraadio barkwancinsu na cikin gida ne, da suka fita waje babu wanda ya gane inda dariyar take. Shi kuwa wannan da idon waje ya gina sana'arsa, ya san yadda ake riƙe mai kallo minti uku, yana kuma da mabiya a ƙasashen da za su jefa ƙuri'a a watan Mayu. Idan maki ake nema a Basel, da wuya a samu wanda ya fi shi a cikin 16 ɗin nan. Abin da ba zai iya yi ba shi ne ya sa mutum miliyan ɗari da ɗoriya da ke kallon gasar su ji yadda harshen Estoniya yake a kunne. Ga ƙasar da masu harshenta kaɗan suka haura miliyan, waɗannan mintuna uku su ne kusan lokaci guda a shekara da duniya take tsayawa ta saurare ta. Bayar da su ga Italiyancin wasa ba laifi ba ne, amma asara ce da ya kamata a san an yi ta.

Da ina da ƙuri'a, An-Marlen zan ba. Amma juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma duk alamu sun nuna cewa da zarar Tommy Cash ya shiga cikin ukun ƙarshe, inda alƙalai ba su da ta cewa, jama'a za su ɗaga shi. Idan hakan ta faru, ba zan ce mutanen Estoniya sun bar gida ba. A farkon watan Yulin 2025 za su yi babban bikin waƙoƙinsu karo na 28, dubban yara da manya su tsaya a filin nan na Tallin su rera da harshen iyayensu. Wanda rumbunsa yake cike yana iya yin kyauta da dami ɗaya. Abin da zan zuba wa ido ranar Asabar shi ne waƙoƙin harshen gida nawa ne za su shiga ukun ƙarshe, domin daga nan matasan mawaƙan ƙasar za su karanta da wane harshe ya kamata su rubuta waƙar baɗi.

Mu haɗu a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, mu ga ko hasashen ya ci ko ya faɗi.