Tofa Miyau a Kwalba Ba Zai Ba Ka Sunan Kakanka Ba

Turawa suna da wata harka da ta fara burge wasu daga cikinmu: ka tofa miyau a 'yar kwalba, ka aika wa kamfani, a gaya maka asalinka. Ni dai a ganina ɗalibi ya riƙe kuɗinsa.

Abin ba ƙarya ba ne fa. Kowane namiji yana gadon ƙwayar halittar da ake kira Y daga mahaifinsa, shi ma daga nasa, kusan ba canji. A Ingila kuwa haka sunan dangi yake tafiya, daga uba zuwa ɗa, ɗaruruwan shekaru. A shekarar 2000 Farfesa Bryan Sykes na Jami'ar Oxford ya fitar da sakamakon gwajin maza masu sunan Sykes: kusan rabinsu Y ɗinsu iri ɗaya ne, alamar kakansu ɗaya. Kamfanoni irin su FamilyTreeDNA a kan wannan suke cin kasuwa.

To mu fa? Musa Ibrahim ɗan Ibrahim Sule ne, ɗansa kuma zai zama wane Musa. Kowane hawa suna yana juyawa. Wasu ma sunan gari suka ɗauka: Shagari, Tafawa Ɓalewa, Kano. Ka tara duk masu amsa Gusau a rajistar makaranta ka gwada su, me za ka gano? Cewa Gusau babban gari ne.

Sannan Y hanya ɗaya tak yake bi. Ka koma hawa goma, a lissafi kakanni 1,024 ne, gwajin kuma a kan ɗaya kawai yake magana. Ke 'yar uwa ba ki ma da Y ɗin, sai kin roƙi yayanki ko baffanki ya tofa miki.

Abin da ya fi damuna shi ne tonon asiri. A 2012 aka haƙo ƙasusuwan Sarki Richard na Uku a ƙarƙashin wurin ajiye motoci a Leicester. Gwajin ɓangaren uwa ya dace da zuriyar 'yar uwarsa, amma Y ɗinsa bai dace da na danginsa ta wajen maza ba. Ma'ana a wani hawa, wanda aka rubuta uba ba shi ne uban ba. Su tarihi ne, sun karanta sun wuce. Ka kawo irin wannan takarda gidan da ake shirin rabon gado, ka ga yadda zumuncin shekara hamsin zai watse, alhali shari'a da aure ta ɗaure nasaba.

Ga kuma sirrin jininka a kwamfutar wasu. A 2023 'yan kutse suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 7 daga 23andMe, a 2025 kamfanin ya shiga kotu yana neman kariyar fatara. Bayanan ai ba naka ne kai kaɗai ba, har da na ƙannenka da ba ka nemi izininsu ba.

In asali kake nema, hutun nan ka zauna gaban kaka da wayarka, ka ɗauki muryarta. Tambaye ta garin da aka taso, dalilin tashin, tsagar gidanku, da sunan mahaifin mahaifinta.