Lafiya Uwar Jiki: Sauraron Jijiya Daga Ciki

A Yamai, wanda ya taɓa sayen kankana a Petit Marché, wato Ƙaramar Kasuwa, ya san wata dabara. Mai saye ba ya fasa kankana. Ƙwanƙwasa ta yake yi da yatsa, ya kasa kunne. Amon da ya dawo shi ke faɗa mishi ko ta nuna.

Likitocin zuciya ma suna da irin wannan dabara. Jijiyar jini kamar hanyar ruwa ce cikin garka. Kitse yakan taru a bangonta, hanya ta ƙuntata. In ta zuciya ta toshe, magidanci na iya faɗuwa cikin gonarshi, damana ba ta ƙare ba.

Wajen shekarar 1988, wani likita a Amurka, Paul Yock, da abokan aikinshi suka fara duban jijiyar mutum daga ciki. Ana zura wani siririn bututu, kaurinshi kamar milimita 1, ta hannu ko ta cinya. Bakinshi yana sakin amon da kunne ba ya ji. Amon ya bugi bango, ya dawo.

To, a nan aikin yake. Abin da ke dawowa hayaniya ce, kamar kasuwa ta cika. Jini da ke gudu yana nashi surutun. Sai kwamfuta ta tace shi, kamar yadda uwa ke tsinto kukan ɗanta cikin taro. Amon da ya daɗe bai dawo ba, daga nesa yake, kuma ya raunana. Sai ta ƙara mishi ƙarfi. Daga nan ta mai da amon hoto. Wurin da ya ƙandare kamar dutse yakan fito fari fat, da inuwa a bayanshi. Kitse mai taushi yakan fito da duhu. Da haka likita ke sanin faɗin hanyar da ta rage.

Wannan awo yana da tsada ƙwarai. Wanda aka saba da shi a asibitocin Yamai shi ne ekogarafi, na bisa fata, irin wanda ake yi wa mata masu ciki. Da shi ana duba jijiyar wuya da ta ƙafa.

Abubuwan da ke ɓata jijiya sanannu ne: hawan jini, ciwon sukari da taba. Gishiri mai yawa kuma yana tada hawan jini, shi kuwa sau da yawa ba ya sa ciwo. Awonshi a asibitin ƙauye bai wuce minti 5 ba. Manomi ko makiyayi na iya tsayawa a auna shi ranar kasuwa.