Hanyar Burji A Ƙasar Kwalta

 

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina da ke karatu a birnin Brest, can ƙuryar yammacin Faransa, ya aiko mini da hoto. Ga shi nan tsaye a bakin gona, ya jingina keke da shinge, laka ta ɓata shi tun daga takalmi har gira, amma yana ta washe baki sai ka ce wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Na ce masa, "Kai, lafiya? Kwalta ce ta ƙare a Faransa?" Ya ce, "A'a Malam, da gangan muka baro kwaltar. Abin da ake yayi ke nan yanzu." To, abin da ya sa na kawo muku wannan magana ke nan, domin da na bi diddiginta sai na tarar ta wuce wasan yara.

Irin keken da suke hawa ana kiransa gravel, wato tsakuwa da Ingilishi, kuma Faransawa duk da kishin harshensu haka nan suka ari kalmar. Ƙahonsa lanƙwasasshe ne irin na keken tsere, amma tayarsa ta fi kauri, takan kai milimita 40 ko fiye. Da yawa ba su da tiyub ma, wani ruwan danƙo ake zubawa cikin taya, in ƙaya ta huda sai ya toshe kafar da kansa. Matsakaici a cikinsu ya kai yuro 1,000, wato sefa dubu 656. Ka ji fa! Aikin da iyayenmu suka yi da Rale, ga buhun gero ɗaure a baya.

Ina suke bi? Wasu tsofaffin hanyoyin jirgin ƙasa ne da aka cire dogo aka baje musu tsakuwa. Wasu kuwa gefen magudanar ruwan da aka haƙa tun zamanin da, inda dawakai ke jan kwale-kwalen kaya, kamar wadda ta haɗa Nantes da Brest. Masu ƙarfin cinya suna da doguwar hanyar da ta ratsa duwatsun tsakiyar ƙasar, daga garin Avallon har Cap d'Agde a bakin Bahar Rum, kusan kilomita 1,400. A yankin Champagne akwai fararen hanyoyi na ƙasar alli tsakanin gonakin inabi. Ranar 7 ga Yuli 2024 babbar gasar Tour de France ta bi ta kansu a kewayen birnin Troyes, wuri 14, jimlar kilomita 32 cikin 199 na wannan rana. Anthony Turgis ne ya zo na ɗaya. Shi kuwa Jonas Vingegaard, wanda ya ci gasar a 2022 da 2023, faci ya yi, ya ƙarasa tseren bisa keken abokin tafiyarsa. Tsakuwa ba ta san zakara ba.

Amma yawancin hanyoyin ba na tsere ba ne, na manoma ne, kuma saura kaɗan da yawansu su shuɗe. Daga shekarun 1950 zuwa na 1970 hukuma ta yi ta haɗe ƙananan gonaki su zama manya domin tarakta ta sami filin juyawa. Aka tumɓuke shingaye, aka nome hanyoyi masu ɗimbin yawa. Waɗanda suka rage kuma doka ba ta tsare su sosai ba. A dokar Faransa hanyar karkara mallakar hukumar ƙauye ce, amma ba dole ne hukumar ta gyara ta ba, tana iya sayar da ita in an daina bi, sa'an nan in maƙwabci ya haɗa ta da gonarsa har shekara 30 ba wanda ya ɗaga murya, to yana iya cewa ta zama tasa. Sai a watan Fabrairu 2022 aka yi dokar da ta ba ƙauyuka damar ƙidaya hanyoyinsu, kuma in suka soma ƙidayar sai a dakatar da lissafin shekarun nan na ɗan lokaci. Wanda ya san yadda burtali ke ƙanƙancewa a ƙasashenmu, bana a ci taki ɗaya, baɗi a ci biyu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ashe ke nan kowane mai keke da ya ratsa ya bar sawun taya, shaida ce ya bari cewa hanya tana da rai.

Har kunya ma sun taɓa ji. A arewacin ƙasar, inda ake tseren Paris-Roubaix tun 1896 bisa hanyoyin da aka daɓe da duwatsu, a shekarun 1960 masu garuruwa sun yi ta rufe duwatsun da kwalta don kada a ce da su ƙauyawa. Yau ga ƙungiyar sa-kai tana gyara su dutse bayan dutse, har awaki aka kai su cinye ciyawar da ke fitowa a tsakani.

To, yanzu bari in zo kan wadda ta fi taɓa mini zuciya. Brest tana cikin yankin Bretagne ne (ba Birtaniya ta Ingila ba), kuma mutanen wurin suna da harshensu na gado, Breton, wanda ba ya kama da Faransanci ko kaɗan. A harshen nan 'yan hanyoyin da ke ratsa gonaki, masu tsakuwa da ramuka da ciyawa a tsakiya, sunansu ribinoù. A 1984 wani mutum mai suna Jean-Paul Mellouët ya ƙirƙiro tseren keke a kansu, a garin Lannilis, ya sa masa suna Tro Bro Leon, wato zagayen ƙasar Leon. Ba neman suna ya sa shi ba. Kuɗi yake nema wa makarantar Diwan.

Mece ce Diwan? Makarantu ne da iyaye suka kafa da kansu tun 1977, inda ake koyar da yara da harshen Breton, kuma ba a karɓar kuɗin makaranta. Ma'anar kalmar ita ce tsiro. Dalilin kafa su a fili yake: wajen 1950 masu jin harshen sun kai kimanin miliyan ɗaya, amma binciken da aka yi a 2018 ya sami kimanin dubu 200 kawai, akasarinsu tsofaffi. A da, yaron da aka kama yana Breton a makaranta sai a rataya masa takalmin katako a wuya, ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani. Suna kiran abin symbole. Mai karatu, ko ka tuna wani abu? Mu da muka yi firamare a ƙasashen da Faransa ta raina mun san shi sarai. Ni kaina na sha rataya ƙashi a wuya saboda na ce wa abokina "ba ni aron alli" da Hausa. Ashe bulalar da aka dake mu da ita, sai da aka gwada ta a bayan 'ya'yan gida.

Tseren da aka soma da 'yan gari yau ya zama na ƙwararru, kusan kilomita 200, wajen 30 daga ciki bisa ribinoù. Arnaud De Lie na Beljiyam ya ci na 2024. Sunan tseren da Breton yake, sunan hanyoyin da Breton yake, kuma ɗan jaridar da ya zo daga Faris ko Italiya tilas ya karya harshe ya faɗe su. Hanyar da ake wa kallon abin kunya da harshen da ake wa kallon abin kunya, sai ga shi ɗaya ya goya ɗaya.

Sai dai kada daɗin labari ya kwashe mu. Bafaranshe yana hawa burji ne don nishaɗi, in ya gaji kwalta na nan kusa, motar asibiti kuma ba ta hanyar gona za ta biyo ba. Matar da naƙuda ta kama cikin damina a ƙauyen da motoci ba sa shiga ba ta ga abin sha'awa a taɓo ba. Duk wanda ya ce mu haƙura da ramukanmu tunda Turawa ma suna son su, ba masoyinmu ba ne. Muna son kwalta, kuma haƙƙinmu ce.

Abin da nake hange daban ne. Sau nawa muka zauna a kan maganar ajin Hausa na ranar Asabar, domin 'ya'yanmu da ke jin Faransanci kamar ruwa amma ba sa iya rubuta wa kakarsu layi biyu? Kullum inda taro ke watsewa guda ne: ina kuɗin alli da na malami? Mutanen Lannilis ba su jira minista ba. Sun duba abin da ke gabansu, suka ga hanyoyin gona da samari masu kekuna. Mu ma ba mu rasa kekuna a unguwa ba, balle hanyar burji. In shugabannin matasa suna ganin abin zai yiwu bayan damina, ƙofata a buɗe take, ni zan riƙe rajista.

Shi kuwa ɗalibin nawa na ce masa Lannilis ba ta fi kilomita 25 daga Brest ba, saboda haka in lokacin tseren ya zo ya je ya gano mana da idonsa, ya rubuto. Na kuma ja masa kunne ya tsaya a ɗan kallo. Ko da yake ba shi da abin tsoro, tunda kyautar da ake ba ɗan Bretagne da ya riga 'yan'uwansa isowa ba ta shafi baƙo ba: ɗan alade ne, da ransa.