A fara gyara lilon da ke ƙasa

Filin wasan yara na Efua Sutherland da ke Akra yana ɗauke da sunan marubuciyar da ta yi wa yaran Gana hidima har rasuwarta a 1996. Ƙaramin jirgin ƙasansa da babban lilonsa mai juyawa sun daɗe suna fama da tsatsa. Duk mai mafarkin a kafa jirgi mai hawa da gangara irin na Turai a wurin, ba ma tare da shi. Irin wannan na'ura tana cin wuta da kuɗin gyara, kuma a ƙofar shiga za a fanshe. Ranar Sallah yaran Nima da Mamobi sai dai leƙe ta bayan shinge. A tayar da tsohon jirgin, a bar bishiyoyin da inuwarsu, a sassauta kuɗin shiga, domin 'ya'yanmu ma su hau.