Jinkirin Bayani Ya Fi Gaggawar Ɓoye

Ya ku malamai da almajirai, ku sani akwai wata sharika da Gwamnati kan ƙulla da 'yan kasuwa. Su gina hanyar mota da dukiyarsu, su yi shekaru suna karɓar kuɗin ƙofa daga matafiya, sa'an nan hanya ta koma hannun Gwamnati.

Waɗansu na cewa dokokin bayyana sha'anin kwangila su ke jinkirta irin wannan aiki. Lalle akwai jinkiri, amma mu auna shi. Dokar 2005 ta ce a yi shela, masu nema su yi takara a fili. Dokar kwangila ta 2007 ta yanka mako 6 na shela sa'ad da aka kafa ta. Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa wa mai tambaya. Wannan jinkirin kwanaki ne da makonni.

To, ga wani jinkirin. A 2009 aka ba kamfanin Bi-Courtney hanyar Ikko zuwa Badun, kilomita 127, bisa wa'adin shekara 25. Aka shekara uku ba aikin kirki. Gwamnati ta ce kamfani bai cika sharaɗi ba, kamfani ya ce Gwamnati ta tsai da shi. A Nuwamba 2012 aka warware alkawari, a 2013 aka ba Julius Berger da RCC. Haka hanyar Lekki: da aka soma karɓar kuɗin ƙofa a Disamba 2011 jama'a suka yi bore, daga bisani Gwamnatin Ikko ta fanshi hanyar.

Da a ce tun farko an baje wa jama'a inda kuɗi za su fito, da abin da matafiyi zai biya, da an gane aibi tun ba a kafa tubali ba. Ku da kuka karanta babin ciniki kun san jahiltar farashi da ajali tana ɓata shi. Ina ga cinikin da talaka zai shekara 25 yana biya?

Saura gyara guda. Dokar 2011 ta yarda a rufe asirin ciniki, kada a mai da wannan mafaka. Da zarar an sa hannu, a buga sharuɗɗa duka, a juya su da harshen da talaka ke ji. Ku kuwa masu alƙalami, ku rubuta ku tambaya, doka ta ba ku iko.

Wassalam.