Wasiƙa zuwa ga masu gyaran waya: ku san furosesar da ke gabanku

'Yan'uwa na Farm Centre a Kano da na sauran kasuwanni.

Kullum sai wani ya tsaya gaban teburinku ya ce, "Malam, wacce zan saya?" Amsar da aka saba ba shi ita ce, "Ɗauki wannan, ƙwayoyinta takwas, RAM ɗinta takwas da ƙarin takwas." Wannan amsa ce ta zaunar da ni na rubuto muku.

Ku ɗauki furosesa biyu na kamfanin MediaTek da suka cika wayoyin Tecno da Infinix. Helio G85 ta fito a 2020, ƙirar nanomita 12. Helio G99 ta biyo baya a 2022, ƙirar nanomita 6. Kowacce ƙwayoyinta takwas, manya biyu da ƙanana shida. Amma manyan G85 Cortex-A75 ne masu gudun gigahaz 2.0, na G99 kuwa Cortex-A76 ne masu 2.2. Tazarar gudun ba ta taka kara ta karya ba. Inda bambancin yake shi ne ƙirar: G99 ba ta cin batir sosai, ba ta saurin ɗaukar zafi, kuma waya in ta yi zafi da kanta take rage gudu. Wanda ke yini a rana cikin watan Afrilu yana kallon bidiyo shi zai ba ku labari. Sannan G85 da ma'ajiyar eMMC 5.1 take aiki, G99 kuwa tana karɓar UFS 2.2, shi ya sa manhaja ke saurin buɗewa a kanta. Dukansu a 4G suka tsaya, kada a yi wa kowa alƙawarin 5G. Shi kuma "ƙarin RAM" ɗin nan aro ne daga ma'ajiya, ba ya kama ƙafar na ainihi.

Sai maganar bulowa. A wayoyin yanzu mabuɗin sirrin bayanai ɗaure yake da furosesa. In ka ɗaga ma'ajiya ita kaɗai ka dasa a wani bod, hotuna da lambobin mutum ba za su buɗe ba. Tare ake kwashe ma'ajiyar da furosesar. Wanda hannunsa bai faɗa ba ya miƙa wa na gaba da shi, babu kunya a ciki.

Don Allah, kafin ku faɗi kuɗin gyara ko ku ba da shawarar saye, ku duba sunan furosesar, ku faɗa wa mai waya gaskiyar abin da za ta iya.